Tsagin Bututun Ƙaramar Bindiga da Saitin Harsashi Mai Kwarmin Baki

Ga abin da na tattara daga doguwar muhawarar da tsofaffin jami'an tsaro suka yi a nan Gombe, kan ko irin tsagin bututun ƙaramar bindiga yana shafar saitin harsashi mai kwarmin baki, wato mai rami a tsininsa.

1. Baki ya zo ɗaya cewa murɗaɗɗen tsagin da ke cikin bututu shi ne ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa, ya tafi a miƙe.

2. Tsagin iri biyu ne: na gargajiya mai kaifin gefe, da mai santsi irin na kamfanonin ƙera bindiga Glock da Heckler & Koch. Masu son na biyun sun ce ya fi sauƙin gogewa, sai aka tuna musu cewa Glock ma ya sauya fasalin tsaginsa a 2017.

3. A kan saiti ne aka rabu. Kaɗan sun dage cewa na gargajiya ya fi kama harsashi, amma mafi yawa sun ce kwarmin bakin ba ya taɓa tsagin ko kaɗan, rigar jan ƙarfen da ke jikin harsashin ce ke gogarsa, don haka a tazarar mita 25 rawar hannun mai harbi ta fi bambancin tsagi tasiri. Ni ma nan na karkata.

4. Masu binciken laifuka sun koka cewa tsagi mai santsi yana barin shaida dishi-dishi a jikin harsashi, abin da ke wahalar da gano bindigar da ta harba shi.

5. An kuma tunatar cewa Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta haramta harsashi mai kwarmin baki a fagen yaƙi.