Ruwa a bututun gilashi yana ba da wuta, amma gishiri ya kashe ta, me ya sa?

ɗalibar_kimiyya:
Salam jama'a, don Allah a taimaka min. A ɗakin gwaji an tura tataccen ruwa ta bututun gilashi mai cike da yashi, aka maƙala mitar auna lantarki a mashiga da mafita sai ga ta tana nuna 'yan milibolt (ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki), ba batir ba komai. Da aka zuba gishiri kuma sai karatun ya faɗi. Ba gishiri ne ke ƙara wa ruwa ɗaukar wutar lantarki ba?

malamin_fizis:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gilashi da yashi duk silika ne, in suka jiƙe fuskarsu tana sakin ayon (ƙananan ƙwayoyi masu caji) na haidurojin sai ta zama nagetif, shi ke nan ayon masu fozetif na cikin ruwan sai su taru a jikin bangon, wasu sun manne wasu suna ɗan nesa kaɗan, to waɗannan na nesan su ruwa ke kwasa ya yi gaba da su ya tara a mafita. Bambancin cajin nan mitarku ta gani. Bajamushe Georg Quincke ya gano haka tun 1859, wani masanin Jamus mai suna Helmholtz ya yi bayaninsa a 1879.

baba_injiniya:
Batun gishiri, gaskiyarki ɗiyata, amma nan gizo ke saƙar. Tunda ruwan ya zama mai ɗaukar wuta sosai, cajin da ya taru a gaba sai ya samu hanyar komowa baya ta cikin ruwan kansa, ba ya taruwa. Ga shi kuma gishiri yana matse shimfiɗar ayon ɗin nan da ke jikin bango, sai cajin da ruwa ke kwasa ya ragu, a tataccen ruwa kaurinta ya kusa maikiromita 1, a ruwan gishiri mai milimola 1 (ma'aunin yawan gishiri a ruwa) kuwa nanomita 10 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin ɗari na wancan.

ɗalibar_kimiyya:
Na gode Baba, yanzu na gane. To yana da wani amfani a waje?

direban_tanka:
Amfani kai har da haɗari ma! Fetur ba ya barin lantarki ya ratsa shi, shi ya sa in yana gudu a tiyo caji ke taruwa ba hanyar fita, tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobara. Dalilin da ake ɗaura wa tanka wayar ƙasa kenan kafin a fara lodi ko sauke mai, kuma wallahi raina na ɓaci in na ga yara suna tsallake wannan wai suna sauri.

malamin_fizis:
Haka ne. Masu binciken ƙasa ma da shi suke gano inda dam ke yoyo, su kafa sanduna a ƙasa su auna milibolt ɗin da ruwa mai ratsa ƙasar ke haifarwa.