Cikina yana kumbura duk lokacin da na buɗe baki, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako na uku ke nan ina bin tsarin awa 16 ba ci, awa 8 na ci, daga ƙarfe 12 na rana zuwa 8 na dare. Yunwar ba ta dame ni ba. Cin farkon ne matsalar: kafin in wanke hannu cikina ya yi dam kamar ganga, sai na sassauta ɗaurin siket, ga gyatsa babu ƙaƙƙautawa. Ba zan ɓoye ba, faranti nake cikawa maƙil, in kora da lemon kwalba. Da safe kuma cingam marar sukari nake taunawa don in manta da yunwa. Me zan gyara?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, cingam ɗin nan fara ajiyewa. Kina tauna kina haɗiye iska, kuma yawancinsa da sobitol, wani sinadari da ake sawa a madadin sukari, ake zaƙaƙa shi. Hanji ba ya tsotse sobitol duka, sai ƙwayoyin cutar babban hanji su ci ragowar su saki iska. Ga lemon kwalba kuma, iska a kan iska.

Amsa ta 2: Na yi fama da irin wannan. Awa 8 gare ki, ba minti 8 ba. Ki fara da ɗan abu kaɗan, kamar ƙwai ko ayaba, ki jira rabin awa, sannan ki ci rabin abin da kika saba. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, mai sauri kafin ya ji ya riga ya wuce ƙima. Soyayye ki bar shi zuwa ci na biyu, maiƙo yana daɗewa a ciki. Wake, kabeji da albasa ma suna tara iska. Ni albasa ɗanya ce ta fi takura min. Kar ki cire su gaba ɗaya, ki cire ɗaya na kwana uku ki ga bambanci.

Amsa ta 3: Tattakin minti 10 zuwa 15 bayan ci. Kar ki kwanta sai an yi awa biyu ko uku.

Amsa ta 4: Hajiya, in da amai, jini a bayan gida, ko ciwon da ba ya lafawa, likita za ki gani. Haka in kina shan maganin ciwon sukari.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, babu ko ɗaya cikin waɗannan. Cingam kuwa, fakiti guda nake gamawa kafin 12. Gobe da ajiye shi zan fara.