Durian ya faɗo, magada sun tuna hanyar ƙauye

Ɗan Serdang: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Abokin karatuna ya kai ni ƙauyensu a Kuala Pilah a nan Malesiya cin durian, ɗan itacen nan mai ƙayoyi a ɓawonsa, kun san daga Yuni zuwa Agusta yake zuba. Gidan kakanninsu na katako ne bisa dirkoki, irin wanda ake harhaɗawa ba ƙusa. Gara ta cinye matakala, rufi na yoyo, tun rasuwar tsohuwar ba wanda ya kwana ciki. Amma ku ga motoci daga Kuala Lumpur, kowa da kwandonsa yana jiran durian ya faɗo. Ka ci abin da kakanka ya shuka, ka bar gidansa ya zama kango. Butulci ne.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Kango kuma, Malam? Gidan da ake buɗewa ran salla a yi shara a shimfiɗa tabarmi? Kango sai wanda ya rushe.

Ɗan Serdang: Hajiya, gidan da jemagu ke kwana ciki me sunansa?

Injiniya: A wajenmu Katsina ko rufi bai faɗi ba, in dai ba mutane, kango ne.

Maman Hanan: To a Kano ba haka ba ne.

Injiniya: Kanawa dai komai sai kun ce naku ne daidai.

Dakta na Sintok: Ku bar maganar. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 75 cikin ɗari na mutanen Malesiya a birane suke. Wa zai zauna ya yi ta faɗa da gara? Ga katakon chengal ya yi tsada, kafintocin da suka iya aikin sun tsufa. Kuma gida ɗaya magada barkatai, in ɗaya ya ƙi sa hannu ba gyara ba sayarwa.

Ustaz: Dakta, kada a ɗora wa rabon gado laifi. Jinkirta shi ne matsalar, sai mamaci ya shekara ashirin ba a raba ba.

Dakta na Sintok: Allah gafarta Malam, ban zargi shari'a ba. Kuma Kuala Pilah a jihar Negeri Sembilan take, can ƙasar gargajiya mata ke gadonta, al'adar da ake kira Adat Perpatih ke nan.

Maman Hanan: Shi ya sa gidajen can suka fi kyau. Ku je ku ga fadar Seri Menanti.

Injiniya: Fadar sarki ce fa, Hajiya, gwamnati ke kula da ita. Su mata ne suka hana gara?

Auta: Ni tambayata, wane iri kuka ci, Yaya? Musang King ne?

Ɗan Serdang: Na ƙauye ne, wanda ba a yi wa aure ba.

Auta: Haba, shi ya sa kake fushi 😂 Je ka Raub, garin da ya yi suna da Musang King, ka ci na gaske. Tunda aka fara kai sabon ɗauka, ba daskararre ba, ƙasar Sin a 2024 kowa can ido ya buɗe.

Dakta na Sintok: Raub me? Black Thorn na Penang ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ustaz: Duk wari ɗaya suke yi. Ba banza otal-otal suka hana shiga da shi ba.

Auta: Wari?! Ustaz ka janye.

Ɗan Serdang: Jama'a, maganar gidan fa?

Injiniya (Admin): A taƙaice: an amince gidan da ba kowa kango ne, kamar yadda Katsinawa suka sani tun tuni. Maganar gado a tambayi malamai. Batun wari kuwa Ustaz ya faɗi gaskiya, don haka duk wanda ya sake kawo durian ɗakin taronmu zai biya tara.

Maman Hanan: Wa ya amince?