Waɗanne gajerun wasannin barkwanci zan kunna wa mahaifina?

Maman Yara: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan gajerun wasannin barkwanci da zan iya kunna wa mahaifina. Wata biyu ke nan yana wurina yana jinyar ƙafa, kuma na lura zaman wuri ɗaya ya fi ciwon damunsa, domin mutum ne da bai saba yini a ɗaki ba. Jinsa ya yi rauni, ba ya jin Turanci, ga jikokinsa kullum suna kewaye da shi, saboda haka ina son abin da babu batsa ko zagi a ciki, wanda kuma ba zai wuce rabin sa'a ba. Na gwada masa gajerun bidiyoyin da ake turowa a waya, sai ya ce hayaniyarsu ta yi yawa, musamman dariyar nan ta inji da ake sakawa a bayan kowace magana. Ina roƙon duk wanda zai ba ni shawara ya bayyana abin da ya sa wasan ya ba shi dariya, domin in gane ko zai dace da Baba.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. 'Yata, ki fara da wasan Laurel da Hardy na shekarar 1932 mai suna The Music Box, wanda tsawonsa bai kai rabin sa'a ba. Labarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Mutum biyu, ɗaya siriri ɗaya ƙato, an ba su aikin kai fiyano, wato babban abin kiɗan nan na Turawa, a cikin akwatin katako zuwa wani gida da ke bisa tudu, kuma tsakaninsu da gidan akwai matakala fiye da ɗari. Duk lokacin da suka kusa kaiwa, sai wani abu ya faru akwatin ya suɓuce ya gangara har titi, wayoyin cikinsa suna ta kuka. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, faɗuwar farko ba ita ce mai ban dariya sosai ba. Dariyar tana ƙaruwa ne a ta biyu da ta uku, lokacin da mai kallo ya riga ya san abin da zai faru amma su biyun ba su sani ba, suna ta haki suna turawa da dukan zuciyarsu. Bayan sun sha wuya sun isa sama, sai mai raba wasiƙu ya gaya musu cewa ai akwai hanyar da ta zagayo har ƙofar gidan, da sun bi ta da keken dokinsu. Maimakon su gode wa Allah tunda sun riga sun iso, sai suka sake sauko da akwatin har ƙasa, suka ɗora shi a keken, suka bi hanyar. Na kalli wannan wuri ba adadi, kuma har yau sai na share hawaye, domin a ganinsu hankali suka yi. Wasan ya ci kyautar Oska, kuma maganar da ke cikinsa ba ta da yawa, ko an kashe sauti za a fahimce shi.

Mai Ɗaukar Hoto: Na goyi bayan Malam, kuma ina so in ƙara abu ɗaya da aikina ya sa nake lura da shi. Idan abu ya lalace, ƙaton nan Hardy yakan juyo ya kalli kyamara kai tsaye, shiru, na ɗan lokaci, kamar yana neman mai kallo ya zama shaidarsa a kan wahalar da abokinsa yake ba shi. Wannan shirun shi ne wurin da aka bar wa mai kallo ya yi dariyarsa. Yawancin bidiyoyin da Baba ya ƙi, Hajiya, ba su barin wannan fili. Ana yanke hoto da sauri, a buga ganga, a saka dariyar inji tun kafin mutum ya gama fahimtar abin da ya gani.

Shawarata ita ce Buster Keaton, wanda aka san shi da rashin murmushi a finafinansa komai abin da ya same shi. A fim ɗinsa na 1928, Steamboat Bill Jr., akwai wata fitowa da guguwa ta taso, yana tsaye a gaban wani gida ya ba shi baya, sai gaban gidan gaba ɗaya ya rufto a kansa. Abin da ya cece shi shi ne tagar sama da take a buɗe, wadda ta faɗo daidai inda yake tsaye, ya tsinci kansa a tsakiyarta. Bangon na gaske ne, mai nauyin gaske, kuma ratar da ke tsakanin kafaɗunsa da katakon tagar ba ta wuce 'yan inci ba. An ɗauke ta ne daga nesa ba tare da yanka hoton ba, don mai kallo ya ga cewa babu dabara. Da zai zaro ido ya yi ihu, da abin ya zama tsoro kawai, amma fuskarsa ba ta nuna ya san girman abin da ya tsallake ba. Fim ɗin dogo ne, sai dai ana samun ɓangaren guguwar shi kaɗai a YouTube.

Ɗalibar Adabi: Sannu da jinya, Anti. Abin da Malam da Yaya suka bayyana ya tuna mini da wani masanin falsafa na ƙasar Faransa, Henri Bergson, wanda ya wallafa ɗan littafi a kan dariya a 1900. Ra'ayinsa shi ne muna yi wa mutum dariya ne idan ya koma kamar inji, wato ya ci gaba da abin da ya saba alhali yanayi ya canza yana bukatar ya lanƙwasa. Babu inda na ga wannan a fili kamar farkon fim ɗin Cali Caflin na 1936, Modern Times, inda yake aiki a masana'anta yana ɗaure notina a kan bel mai gudu. Idan ya tsaya ya sosa jikinsa ko ya kori ƙuda, aikin ya wuce shi, sai ya bi shi da gudu yana takura na kusa da shi. Ko bayan an tsayar da injin, hannayensa ba su daina murɗawa ba, har ya kai ga duk abin da ya yi kama da noti, ko maɓallin riga ne, sai ya nufe shi da sifana. Yara suna dariyar motsin jikinsa, babba kuma wanda ya taɓa aikin da ya fi ƙarfinsa yana dariya yana jin tausayi a lokaci guda. Daga sunan wannan mutumin ne ma muka samo kalmar cali da muke kiran mai ban dariya a fim.

Kawu: Ni kam ina da ja a kan inda zancen nan ya nufa. Duk kun karkata ga wasannin da babu magana, kamar dai raunin ji ya hana dattijo jin daɗin harshensa. Mutumin da ya manyanta, abin da ya fi sanyaya masa rai shi ne muryar da ya sani tun yana da ƙarfinsa. Ki nemo masa Samanja Mazan Fama, ki sa masa abin saurare a kunne ko ki kusanto masa da lasifika. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya shahara da wannan wasa, shi ya sa tsawarsa da tsayuwarsa ba kwaikwayo ba ne na wanda ya hango bariki daga nesa. Abin dariyar yana cikin harshen: Hausar bariki gauraye da guntayen Turanci, ana furta ta da cikakken iko, da kuma yadda yake ɗaukar ƙaramar matsala da tsarin fareti. Bai taɓa nuna wa mai kallo cewa wasa yake yi ba. Wannan irin dariya ba ta fassaruwa, kuma ba na jin wani bango da zai faɗo ya kai ta daɗi a kunnen wanda ya tashi da ita.

Tsohon Malami: Kawu, ban ƙi taka ba, kuma na yarda Samanja ya cancanci shiga jerin. Sai dai ka duba, dalilin da ka bayar shi ne dai wanda muka bayar. Ka ce bai taɓa nuna cewa wasa yake yi ba; haka masu ɗaukar fiyano, haka mutumin da bango ya rufto wa. A ganina nan ne gwanaye suka bambanta da masu koyo. Ɗan wasan da yake leƙen fuskar mai kallo yana jiran a yi masa dariya ya riga ya ɓata wasan, amma wanda ya riƙe wautarsa da gaske, yana ganin shi ne mai hankalin wurin, shi ne yake kayar da mutane. Inda zan saɓa maka shi ne cewar dariyar magana ba ta fassaruwa. Wata ba ta fassaruwa, wata kuwa tana yi. Akwai wani tsohon wasan Amurka na Abbott da Costello, wanda ya yi suna a rediyo a ƙarshen shekarun 1930, inda ɗaya yake tambayar sunayen 'yan wasan ƙwallo, alhali sunan na farko Wa, na biyu Me, na uku Ban Sani Ba. Mai tambaya yana cewa wa ke wuri na farko, ana amsa masa da e, shi ne, yana ƙara harzuƙa. Na taɓa juya shi zuwa Hausa na ba ɗalibai biyu suka yi a aji, kuma ya zauna daram, domin kowane ɗayansu yana da gaskiya a inda yake tsaye, mai sauraro ne kaɗai yake ganin ɓangarorin biyu.

Direban Dare: Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga wanda ya ambaci Mista Bin ba, alhali shi ne mafi sauƙin samu, kuma kashi 15 ne kacal aka yi tsakanin 1990 da 1995. Ki nemi na farkon, inda ya shiga ɗakin jarrabawa da alƙaluma cike da aljihu. Ya zaro takarda daga ambulan ya ga ba fannin lissafin da ya karanta ba ne, sai ya ƙare lokacinsa yana ƙoƙarin leƙen amsar maƙwabcinsa ta hanyoyi iri-iri. Saura minti biyu a tashi ya gano cewa akwai takarda ta biyu a cikin ambulan ɗin, ta fannin da ya shirya wa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa zai ji wannan a cikinsa. Sai dai ki riƙa dubawa kafin ki kunna, domin a wasu wuraren yana da son kai da mugunta irin ta yara, kuma ba kowane dattijo ne zai so jikokinsa su gani ba.

Ɗalibar Adabi: Akwai kuma Dinner for One, wanda aka ɗauka a Jamus a 1963 kuma ake nuna shi a can kowane daren shiga sabuwar shekara. Wata tsohuwa ce take bikin cika shekara 90, ta sa aka shirya wa abokanta huɗu kujeru alhali duk sun mutu, sai hadiminta yake zagayawa yana tsayawa a madadin kowannensu. A kowane zagaye sai ya yi tuntuɓe da kan fatar damisa da aka shimfiɗa a ƙasa, har mai kallo ya fara jiran tuntuɓen, sai kuma a wani zagayen ya wuce lafiya, shi kansa ya tsaya yana mamaki. Na kawo shi ne saboda darasin da ke cikinsa na yadda ake gina tsammani sannan a karya shi, amma ban ba da shawarar a kunna shi gaban yara ba, domin rabin wasan a kan maye aka gina shi.

Kawu: To, wannan a bar shi a gefe, 'yata. Abin da ba za a kalla da jikoki ba, ba shi ta tambaya ba.

Maman Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na kunna masa na fiyanon a talabijin, na rage sauti. Da farko ya yi shiru yana kallo da fuskar mai tausayi, har ya ce a taimaka wa bayin Allah mana. Da akwatin ya gangara karo na biyu sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Amma da suka ɗauko shi daga sama suka fara saukowa da shi don su bi ta hanya, sai ya ɗaga hannu yana nuna talabijin, yana son ya yi magana dariya ta hana shi, hularsa ta zame ta faɗo kan matashi, ƙaramar jikarsa ta ɗauka ta riƙe masa har aka gama. Da daddare ya sa na zauna ya ba ni labarin wani abokin aikinsa na da, wanda ya ce halinsa ɗaya da siririn nan, kuma rabon da ya yi doguwar hira haka tun kafin ya kwanta. Na ambata masa Samanja, Kawu, sai ya gyara zama ya ce a nemo masa shi kafin komai. Waɗanda na samu a intanet sautinsu ya dusashe sosai, ga ƙara a bayansa, saboda haka idan akwai wanda ya san inda zan sami mai sauti garau, ina roƙo ya sanar da ni a nan.