Majiyyaci ya ce a goge bayanansa: wace doka za a bi?

Assalamu alaikum. Lauyoyi da masu kula da fayil ɗin marasa lafiya, don Allah ku taimaka, abin ya cije.

Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya ya buɗe wa majiyyaci fayil, ya adana, ya rufa masa asiri. Ba a fitar da bayani sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta cutar da jama'a. Sai ga Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ya ce a goge bayanansa.

To, majiyyaci ya rubuto yana son a share komai: sakamakon gwajin jini, hoton ƙirji, takardar magani. Goge lambar wayarsa daga jerin saƙonnin tunatarwa ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne fayil ɗin jinyar kansa, domin kamfanin inshora bai gama tantance kuɗin aikin ba, kuma in an kai ƙarar sakaci gobe, wannan fayil ne kaɗai shedar likita. Ga kuma kwafin ajiya da kwamfuta ke ɗauka kowane dare. Ko an goge a manhaja, yana nan daram.

A ganinmu wajibcin adanawa ya rinjayi buƙatar gogewa. Amma shin kulle fayil ɗin, a taƙaita masu buɗe shi, ya wadatar? Shekara nawa za a rubuta masa a wasiƙar amsa, kuma da wane sashe za a kafa hujja?