Neman kalma: madubin da maharbi ke leƙawa ya ga inda harsashinsa ya faɗa

Maifassara: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a kawo ɗauki, gobe Alhamis ƙarfe huɗu na yamma zan shiga ɗaukar murya, ga kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Wani shirin talabijin nake mayarwa Hausa, kan gasar harbi da ake yi duk watan Yuli a Bisley ta ƙasar Ingila. Gasa ce mai tarihi, tun 1860 Sarauniya Biktoriya ta sa kyautarta, a Wimbledon aka fara, aka koma Bisley a 1890. Zagayen ƙarshe daga yadi 900 da yadi 1000 ake harbawa, na ƙarshen ya kai mita 914. Kowane maharbi yana kwance rubda ciki, a gefensa an kafa wani madubi mai ido ɗaya a kan 'yan ƙafafu, da ya saki harbi sai ya karkata kai ya leƙa. Shi suke kira spotting scope. Na fara rubuta "madubin hangen nesa", sai na ga a cikin shirin akwai mai ido biyu da ake rataya a wuya, akwai kuma na kan bindiga, duk da sunan nan ɗaya zan kira su ke nan. Na biyu, can gaba an nuna wani ya ɗaura wayarsa a bakin madubin yana kallon allon harbi ta fuskar wayar, shi ma da sunansa, digiscoping. Me zan ce?

Mai Hoto: Wa alaikis salam. Madubin hange mai ƙafa. Na biyun kuma ɗaukar hoto ta madubin hange.

Tsohon Saje: 'Yata, mu a bariki "sikof" kawai muke cewa, kowa ya gane. Amma ki raba su da kyau. Na kan bindiga na saiti ne, da shi ake auna abu kafin a ja kunama. Wannan da kike tambaya aikinsa duba inda aka samu, da kuma karanta iska. In da ni ne, madubin duba harbi zan ce.

Maifassara: Baba Saje na gode. Karanta iska ta madubi kuma? Mai sharhin ya faɗi haka, na ɗauka kunnena ne.

Tsohon Saje: Kunnenki lafiya lau. Da tsakar rana in ƙasa ta ɗauki zafi, ki leƙa ta cikinsa za ki ga allon yana rawa kamar an nutsa shi a ruwa. Kawalwalniya ce, irin wadda direba ke gani a kan kwalta, madubin ne ya ƙara mata girma. Gwani yakan ɗan juya madubin ya bar allon ya dusashe, ya tsayar da ido a tsakiyar fili. In igiyoyin zafin suna gudu zuwa dama, iska ta nufi dama. In suna tashi sama cak kamar ruwa na tafasa, ko dai iska ta kwanta ko tana bin layin harbi. Da haka yake gyara saitinsa. A mita 100 na sha ganin hudar harsashi ɓaro-ɓaro a jikin takarda. Ki kai mita 300 da rana tsaka, sai ki yi ta leƙe har idonki ya kawo ruwa ba ki ga komai ba.

Maifassara: Ashe shi ya sa a Bisley akwai mutane a cikin rami ƙarƙashin allon. Suna sauke shi, su soka wani ɗan faifai mai launi a hudar, su mayar da shi sama. Harsashin milimita 7.62 ne, hudarsa kamar kaurin fensir, wa zai hango ta a mita 914? Faifan maharbi yake nema. Kuma bindigoginsu na wannan gasar babu madubi a kansu sam, saitin ƙarfe ne mai 'yar huda.

Bazazzagi: Duk kun bi doguwar hanya. Hausa tana da aikatau da ya dace da wannan abu kamar an auna: tsinkaya. Tsinkayo abu shi ne ka gano shi daga can nesa, ka tantance ko mene ne. Sai mu ce MATSINKAYI. Kalma ɗaya, gaɓa huɗu, a kan tsarin mabuɗi, magogi, masassabi, ma'auni. Shi kansa madubi daga duba aka ƙera shi. Kakanninmu sun iya ƙira, mu kuma kullum sai jera kalma huɗu biyar kamar ayarin raƙuma.

Malamin Nahawu: Allah ya gafarta Malam, ƙirar daidai take, ba ni da ja a kanta. Matsalar a takarda take. Ma- da -i suna ba da kayan aiki, suna kuma ba da mai aikin: maɗinki, manomi, maharbi. Karin sauti ne ke raba su, kuma ba ma rubuta shi. A wannan fanni kuwa akwai mutum na musamman da ke zama gefen maharbi yana leƙa madubin yana faɗa masa inda ya samu. Shi ma matsinkayi ne. To in an rubuta "matsinkayi ya faɗi", mutum ne ya faɗi ko madubi?

Bazazzagi: Ai murya za ta ɗauka, kunne zai ji karin. Jam'i ma ya raba gardama: mutane matsinkaya, kayan aiki matsinkayai. Ma'auni fa? Mun daina amfani da shi ne don ana iya kiran mai awo da shi?

Malamin Nahawu: Ma'auni kowa ya tashi da shi a kunnensa, Malam. Wannan yau aka haife shi.

Bazazzagi: Kowace kalma akwai ranar da aka haife ta.

Mai Ƙirgar Tsuntsaye: Ni ƙorafina a kan "madubin duba harbi" yake, Baba Saje ka yi haƙuri. Wannan abin shi ne kayan aikina, kuma ban taɓa riƙe bindiga ba. Duk watan Janairu da shi muke ƙirgar tsuntsayen ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, wajen Dagona. Nawa yana kusanto da abu daga ninki 20 zuwa 60, faɗin gilashin gabansa milimita 80. Masu harbin baka ma a gasar Olamfik, da ke harbi daga mita 70, shi suke kafawa su duba kibiyarsu. In aka sa masa sunan harbi, gobe na shiga ƙauye da shi a kafaɗa, yaro ya ce ga mai madubin harbi ta zo, kun san halin da ake ciki a ƙasar nan. Sunan ya tsaya a kan abin, kowa ya ƙara aikinsa a baya.

Ɗaura kyamarar ma daga wajenmu ya fito. A 1999 wani mai kallon tsuntsaye a Malesiya, Laurence Poh, ya kara kyamararsa ta dijital a idon madubin ya ga hoto ya fito, daga nan abin ya bazu, maharba suka ɗauka daga baya.

Tsohon Saje: Maganarki gaskiya ce Hajiya, ban kawo wannan a raina ba. Na janye "harbi".

Mai Hoto: Tunda an zo kan kyamara, Malama ki lura da abu biyu a hoton da za ki yi wa bayani. In idon wayar bai daidaita da idon madubin ba, sai baƙin zobe ya kewaye hoton kamar kana leƙe ta cikin bututu, shi ya sa ake sa wani ɗan maƙali da ke riƙe wayar. Sannan a ninki 60 ko taɓa wayar ka yi da yatsa hoton zai yi tsalle, don haka ake saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu ko uku. Amfaninsa ga maharbi shi ne ba sai ya tashi daga kwanciyarsa ba, ya kalli fuskar waya kawai, mai koyar da shi ma yana gani tare da shi, kuma bidiyon yana nan a sake dubawa. Amma kyamara ba ta maganin kawalwalniya, abin da madubi ya gani shi za ta ɗauka. Masu harbin nesa sosai wata kyamarar daban suke ajiyewa kusa da allon, ta turo musu hoto ta iska. Kada ki haɗa su a suna ɗaya.

Bazazzagi: Kun ji ko? Sikof, kyamara, dijital, bidiyo, saiti. A 'yan layukan nan kaɗai. Sannan a ce ni ne mai matsala don na kawo kalmar Hausa tsantsa. Haka muke yi har yaranmu suka ɗauka Hausa ba ta iya ɗaukar ilimin zamani. Ina jin ciwon wannan abu ƙwarai, shekara da shekaru ina koyarwa ina ganin yadda ɗalibi ke jin kunyar kalmar gidansu.

Malamin Nahawu: Ciwon nan muna jin sa tare, Malam. Amma bindiga daga Larabci ta zo, harsashi haka, allon da ake harbi ma haka. Ba wanda ya ce sun rage mana daraja. Harshen da ke aro ya narkar da abin a bakinsa, ya yi masa jam'i irin nasa, bindigogi, harsasai, alluna, ai wannan ƙarfi ne.

Bazazzagi: Aron da aka yi don babu daban, aron lalaci daban.

Ɗan Maraɗi: Ina wuninku. Ina ta karatu ina jiran a tuna akwai Hausawa a wannan gefen iyaka. "Sikof" ba mu san shi ba, mu Faransanci ne ya shigo mana. Su suna kiransa longue-vue, dogon gani ke nan, mai ido biyun kuma jumelles, wato tagwaye. Wannan ta ba ni shawara: mai ido biyu madubi tagwaye, wannan kuma madubi tilo. Amma na san yadda za ta kaya, abin da Kano da Kaduna suka ce shi ake bugawa, mu sai dai mu ji a rediyo.

Mai Hoto: Haba ɗan'uwa, wa ya ambaci Kano a nan? Ni ɗan Gusau ne, Hausata ta fi kusa da taka.

Ɗan Maraɗi: To ka faɗa mini kalma nawa ta Damagaram ko Tawa ka taɓa ji a labaran duniya.

Bazazzagi: Daidaitacciyar Hausa ba mallakar gari ɗaya ba ce, yarjejeniya ce ta masana. Kuma matsinkayi ko a Maraɗi aka faɗe ta za a gane.

Ɗan Maraɗi: Za a gane mutum ake nufi, Malam.

Mai Ƙirgar Tsuntsaye: Tagwayen nan ta yi mini daɗi, zan ɗauka. Tilon ne bai raba shi da na kan bindiga da na duban wata ba, duk ido ɗaya gare su.

Malamin Nahawu: Akwai kuma masu cewa tabarau a maimakon madubi, "tabaran hangen nesa". Suna da hujja, don wanda ya fara neman a yi masa rajistar na'urar hangen nesa a Holan a 1608, Hans Lipperhey, sana'arsa haɗa tabarau ce. Sai dai tabarau a Hausa abin sakawa a fuska ne, wannan kuwa kafa shi ake yi.

Tsohon Saje: Yauwa, kafawa. Mu girkewa muke cewa, an girke bindiga, an girke soja a mararraba. Tukunya ma a kan duwatsun murhu uku ake girka ta, shi ma ƙafa uku gare shi. Madubin girke.

Mai Hoto: Baba, a talabijin mata za su ji "madubin girki".

Tsohon Saje: Haka ne kuma.

Maifassara: Jama'a dare ya yi, don Allah mu tattara. Ga abin da na rubuta, a duba mini: "Kowane maharbi yana da madubin hange mai ƙafa uku a gefensa, da shi yake duba inda harsashinsa ya faɗa, yake kuma karanta iska a jikin kawalwalniya." Daga nan duk inda ya sake fitowa zan ce "madubin hange". Na kan bindiga madubin saiti, na wuya madubi tagwaye. Na kyamarar ban samu kalma ɗaya ba, zan ce "ɗaukar hoto ta madubin hange" kamar yadda aka faɗa tun farko.

Malamin Nahawu: Ya yi. Ki cire "uku" in numfashi ya ƙi, wasu ma ba ƙafa uku gare su ba.

Ɗan Maraɗi: Tunda tagwaye ta shiga, na yi shiru na yau.

Bazazzagi: Kalma biyar a inda ɗaya ta isa. Ban gamsu ba, amma aikinki ne 'yata, kuma lokaci ya ƙure miki. Alfarma ɗaya nake nema: mutumin da ke zaune gefen maharbi yana leƙawa, shi dai ki kira shi matsinkayi. A nan babu mai cewa ƙirar ta karkace.

Malamin Nahawu: A kan mutumin na yarda.

Maifassara: Sau biyu ya fito a shirin, Malam, zan sa, tare da ɗan bayani a karon farko. In mai tace shirin ya bar ta za ku ji ranar Lahadi.

Bazazzagi: Allah ya kai mu. Maganar madubin kuma ban rufe ta ba, zan kawo ta a taronmu na malaman Hausa.