Ƙwayar gadon Plasmodium ta ƙi ba ni furotin a E. coli, wa ya taɓa shiga wannan?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina fama da wata ƙwayar gado ta Plasmodium falciparum, mai sa zazzaɓin cizon sauro, da na saka a BL21, wani nau'in bakteriyar E. coli, don ta yi mini furotin. Jerin DNA ɗin lafiya lau, sau biyu muka karanta shi. In zuba IPTG, sinadarin da ke kunna yin furotin, in jira awa 4 a zafi digiri 37, in duba jel ɗin da ke ware furotin bisa girma, wayam. Sai wasu guntaye can ƙasa. Malamina ya ce matsalar kodon ce, wato haruffa uku-uku da ke nuna wane amino asid (tubalin furotin) za a sa. Ni kuwa a aji an koya mana AGA da CGU duk amino asid ɗaya, arginin, suke nufi. To tunda ma'ana ɗaya ce, ina ruwan bakteriya da wanda aka rubuta? Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini yadda ya yi.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam 'yata. Na sha wannan wahalar, har na fara zargin hannuna. Ma'anar ɗaya ce, masu ɗauko kayan ne ba su kai yawan juna ba. Kodon 61 ne ke rabon amino asid 20, arginin kaɗai yana da 6. Kowanne sai tRNA, mai ɗauko amino asid ɗin, ta zo ta karanta shi, kuma wadda ke karanta AGA da AGG ƙalilan ce a cikin E. coli. Tun 1981 wani masani mai suna Ikemura ya nuna cewa kodon da bakteriyar ta fi amfani da su su ne masu tRNA mai yawa. Shi kuma Plasmodium kusan kashi 80 cikin 100 na haruffan DNA ɗinsa A da T ne, ga AGA ga AUA ko'ina. Ribosom, injin haɗa furotin, ya iso ya tsaya jira, in biyu suka jeru sai ya gaji ya saki aikin. Guntayen da kike gani ina kyautata zaton su ne. Wani lokacin ma lisin, wani amino asid daban, yake cusawa a gurbin arginin.

Ni Rosetta ce ta fishe ni, wato nau'in E. coli da aka ƙara wa tRNA ɗin da suka yi ƙaranci. Amma ki kula da kloramfenikol, maganin da ke sa bakteriyar ta riƙe filasmid, wato zoben DNA da ke ɗauke da tRNA ɗin. Na taɓa mantawa da shi a ruwan renon, filasmid ɗin tRNA ya ɓace, na yi sati biyu ina neman laifin wani abu daban.

Mai bincike a Malesiya: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni ta ɗaya gefen na faɗa. Na sa aka haɗa mini ƙwayar gadon sabuwa, kowane kodon aka mayar da shi wanda E. coli ta fi so. Ranar da na ga layin a jel, kauri kamar ɗan yatsa, har hoto na tura gida. Da na fasa ƙwayoyin na juya su a inji, sai ga furotin ɗin duka ya kwanta a gindin kwalba kamar gudajin tuwo, ruwan sama babu komai. Ya fito da yawa, bai naɗe daidai ba. Ashe wasu kodon ɗin masu jinkiri amfani suke yi, suna ba sashen farko lokacin naɗewa kafin na biyu ya fito. An ga haka a 2013 a naman gwarin Neurospora: aka gyara kodon ɗin ƙwayar gadon agogonsa mai suna frq, furotin ya ƙaru, amma agogon jikin naman gwarin na dare da rana ya lalace. Na sauke zafi zuwa 18 na kwana, na samu kaɗan mai aiki, kuma ya fi mini tulin nan daraja.

Malamin jami'a: Nawa ba ƙarancin tRNA ba ne ko kaɗan. Farkon mRNA ɗin, kwafin ƙwayar gadon da ribosom ke karantawa, shi ne ya nannaɗe, ribosom ya rasa wurin zama. Kodon 8 na farko kawai na canza zuwa masu A da T, amino asid ko ɗaya bai motsa ba, furotin ya fito. Wani masani Kudla da abokan aikinsa sun gwada ƙwayar gadon GFP, furotin mai koren haske, iri 154 a 2009, furotin ɗaya sak, amma hasken ya bambanta har ninki 250, kuma naɗewar farkon nan ce ta fi bayyana dalili. Taki ƙwayar gadon kuwa, ɗaliba, mai A da T ce, da wuya wannan ya zama ciwonta, sai dai in an liƙa mata wani abu a gaba.

Ɗalibar digiri na biyu: Allah ya saka da alheri. Baba, jiya da daddare na zauna da biro na ƙirga: AGA 17, wuri uku a jere biyu-biyu, na farkon kuma ya yi daidai da girman guntun da ya fi fitowa. Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya. Wata Anti a ɗaya sashen ta ce za ta ɗiba mini Rosetta ranar Litinin. Yaya na Malesiya, na 18 ɗin fa, in wuta ta ɗauke cikin dare kwalbar ta daina kaɗawa, zubarwa ake yi ko a ci gaba?